Younis Khan: Bapashtunen da ya tara maki 10,099 amma bai cika shekara yana kyaftin ba

Ranar 13 ga Oktoban 2009 kwamitin wasanni na majalisar dokokin Pakistan ya kira kyaftin ɗin 'yan kurket na ƙasar zuwa Islamabad ya zo ya yi bayani. Shugaban kwamitin, Jamshed Dasti, ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa yana zargin da gangan 'yan wasan suka sha kashi a gasar zakaru da aka yi a Afirka ta Kudu. Kyaftin ɗin shi ne Younis Khan, wanda wata huɗu kacal kafin nan ya ɗaga kofin duniya na T20 a filin Lord's da ke Landan. Ya amsa tambayoyin da aka yi masa, sannan ya miƙa wa shugaban hukumar kurket, Ijaz Butt, takardar ajiye aiki.

Bayanin da aka fi ji a kan wannan mutum, a Pakistan da wajenta, gajere ne: Bapashtune ne, zuciya gare shi, ba ya ɗaukar raini. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai rabi ba. Mutumin da ake cewa ba shi da haƙuri shi ne ya taɓa tsayawa minti 760 yana bugu a wasa ɗaya, kuma hukumar da ake cewa ya kasa zama lafiya da ita ba ta zauna lafiya da kowane kyaftin ba a zamaninsa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga abin da ake bukata don a bi labarin. Kowace ƙungiya mutum 11 ce. A tsakiyar fili akwai doron ƙasa mai tsawon yadi 22, a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku. Mai jifa yana jefo ƙwallo ta dira a ƙasa ta nufi turakun, mai bugu yana kare su da katako, idan ya bugo ta nesa shi da abokinsa su yi gudu su musanya wuri, kowane musanye maki ɗaya. Ƙwallon da ta kai iyakar fili a ƙasa maki huɗu ce, wadda ta tsallake a sama shida. Jifa shida ake kira oba ɗaya. Wasan Tes kwana biyar ne, kowace ƙungiya tana da zubi biyu na bugu, ana neman oba 90 a yini. Wasan yini ɗaya oba 50 ne kowane ɓangare, T20 kuma oba 20. Mai bugu yana fita ne idan, misali, ƙwallo ta bugi turakun ko aka cafe bugunsa kafin ta taɓa ƙasa, kuma idan ya fita, ya fita ke nan a wannan zubin. Kuskure ɗaya ya isa ya zaunar da shi kwana biyu yana kallo.

Daga Mardan zuwa Karachi

An haifi Younis a Mardan, garin Pashtunawa a arewa maso yammacin Pakistan, lardin da a lokacin ake kira Lardin Iyakar Arewa Maso Yamma, sunan da Turawan mulkin mallaka suka bari. Sai a 2010 aka mayar da shi Khyber Pakhtunkhwa. Takardunsa sun ce 29 ga Nuwamban 1977, shi kuwa da bakinsa ya ce 1975 ne. Mai bin ƙwallon ƙafa a Afirka ba zai yi mamakin wannan ba. Abin lura shi ne, duk abin da ya yi a ƙarshen wasansa ya yi shi ne yana da shekara biyu sama da yadda ake lissafa masa.

Yana yaro iyalinsa suka koma Karachi, inda mahaifinsa ya yi aiki a masana'antar ƙarafa ta gwamnati. Wannan hanya ce da Pashtunawa da yawa suka bi, har Karachi ta zama birnin da ya fi kowane birni yawan Pashtunawa, duk da tana can bakin teku a ƙasar Sindh. Shahid Afridi ma haka ya tashi: asalinsa yankin Khyber, girmansa Karachi. Younis ya koyi wasa a kulob ɗin Malir Gymkhana, a gaban manya irin su Rashid Latif, mai tsaron bayan turakun ƙasar. Amma ƙungiyar Karachi ba ta ba shi gurbi ba. Dole ya koma arewa ya buga wa Peshawar a kakar 1998 zuwa 1999, ya tara maki har masu zaɓe suka waiwayo shi. A watan Fabrairun 2000 ya buga Tes ɗinsa na farko da Siri Lanka a Rawalpindi, ya yi 107 a zubi na biyu.

Shekara huɗu da suka biyo baya shiga da fita ce. A sa shi na shida yau, gobe na bakwai, jibi a ajiye shi. Bayan mummunan kofin duniya na 2003 an yi watsi da shi na wani lokaci. Abin da ya canja labarin shi ne zuwan Bob Woolmer a matsayin koci a 2004. Woolmer ya ba shi gurbi na uku ya bar shi a can. Na uku shi ne mai shiga da zarar ɗaya daga masu buɗewa, wato biyun da ke fara bugu, ya fita, wani lokaci a oba ta farko, ƙwallo sabuwa tana sheƙi tana kaucewa a iska, wani lokaci kuma bayan ya zauna awa huɗu sanye da kayan kariya yana jira. Masu buɗewar Pakistan ba su cika daɗewa ba, don haka kusan kullum da wuri yake shiga.

Misali mafi kyau shi ne Bangalore, Maris 2005. Pakistan na bayan Indiya da wasa ɗaya, ga shi an fitar da mutum biyu maki bai wuce 7 ba. Younis da Inzamam-ul-Haq suka haɗa 324. Younis ya ƙare da 267 daga jifa 504, ya ƙara 84 a zubi na biyu ba a fitar da shi ba, Pakistan ta ci da tazarar 168. A shekara mai zuwa da Indiya ta zo, ya yi 199 a Lahore da 194 a Faisalabad. A Karachi kuwa jifan farko ya fitar da shi, yana cikin mutum uku da Irfan Pathan ya kwashe a jere a obar farko ta wasan, kuma sunan nan Pathan shi ne yadda mutanen Indiya ke kiran mai asalin Pashtun.

Yadda yake bugu

A nan ne zancen zafin kai ya fara rushewa. Hoton ɗan kurket Bapashtune da ke kan mutane na Afridi ne, wanda ya yi ɗari daga jifa 37 a Nairobi a 1996: a daki ƙwallo, in ta tafi ta tafi, in an fita an fita. Younis akasin haka ne. Farkon zubinsa ba ya da kyan gani, yana tsalle, yana karkacewa, yana miƙa katako nesa da jiki. Wanda ya fitar da shi a oba goman farko ya huta. In ya wuce nan, sai Allah. Lissafinsa ya nuna haka: sau 34 ya kai ɗari, sau 33 kawai ya tsaya tsakanin hamsin da ɗari. Ga yawancin manyan masu bugu na biyun ya fi na farkon yawa nesa ba kusa ba.

Gwanintarsa ta fi fitowa a gaban masu jifan murɗe, waɗanda ke juya ƙwallo da yatsu ko wuyan hannu don ta kauce bayan ta dira. Makamai uku yake haɗawa. Yana miƙa ƙafar gaba sosai ya tarar da ƙwallo daidai inda ta dira, kafin ta samu damar kaucewa. Yana sassauta riƙon katako, ta yadda ko ta taɓa gefe za ta faɗi ƙasa kafin ta kai hannun masu cafewa da ke tsugune kusa da shi. Sai bugun shara: ya durƙusa a kan gwiwar baya, ƙafar gaba a miƙe, ya kwantar da katako ya share ƙwallon zuwa gefen ƙafarsa. Bugu ne mai haɗari. Idan ƙwallo ta yi tsalle fiye da zato sai ta hau gefen katako na sama ta tashi a cafe. Idan kuma ta zo miƙe kan turaku aka kuskure ta, ta bugi ƙafa, alƙali zai ɗaga yatsa. Maganin duka biyun shi ne zaɓen jifa: a share wadda ta dira a wajen layin turaku, kai yana kan ƙwallo, katako yana saukowa daga sama zuwa ƙasa. Amfaninsa kuwa, yana tilasta wa kyaftin ɗin abokan hamayya ya janye mutum daga kusa ya kai shi bakin iyaka, sai giɓi ya buɗe, Younis ya riƙa tsintar maki ɗaiɗai yana musanya wuri. Mai jifa ba ya samun jifa shida a jere ga mutum ɗaya, ba ya iya ɗana tarko.

Shi ya sa ya yi fice a zubi na huɗu, lokacin da doron ya kwana huɗu ana takawa, ya tsattsage, sawun masu jifa ya zama rami. Sau biyar ya yi ɗari a zubi na huɗu, babu wanda ya kai haka a tarihin Tes lokacin da ya yi ritaya.

Rigimar kyaftin

Pashtunawa suna da tsarin ɗabi'a da ba a rubuce yake ba, Pashtunwali. A cikinsa akwai nang, wato mutunci, da melmastia, karrama baƙo, da badal, ramuwa, da jirga, zaman dattawa na yanke hukunci. Ba kowane Bapashtune ke rayuwa a kansa sak ba, balle wanda ya girma a unguwar ma'aikata a Karachi. Amma abu ɗaya ya maimaitu a rayuwar Younis: zai jure wahala, zai jure rashi, ba zai jure a taɓa mutuncinsa a gaban mutane ba. Mahaifinsa ya rasu a 2005, yayyensa biyu suka rasu a haɗarin mota a ƙasashen waje cikin ɗan lokaci, kuma a waɗannan shekarun ne ya fi cin maki. Amma kalma ɗaya ta raini tana iya sa ya tattara kayansa.

A ƙarshen Satumban 2006 an dakatar da kyaftin Inzamam wasa huɗu, aka ce Younis ya riƙe ƙungiya. A Oktoba ya fito gaban 'yan jarida ya ce ba zai zama kyaftin na jeka-na-yi-ka ba. Kwana ɗaya bayan haka shugaban hukumar, Shaharyar Khan, ya sauka, wanda ya gaje shi, Nasim Ashraf, ya dawo da Younis. A Maris 2007 Ireland ta fitar da Pakistan daga kofin duniya a filin Sabina Park na Kingston, washegari aka tsinci Woolmer a ɗakinsa na otal, rai ya yi halinsa. 'Yan sandan Jamaika suka ɗauki abin a matsayin kisa, suka yi wa 'yan wasa tambayoyi, daga baya suka janye suka ce mutuwar Allah da Annabi ce. Da aka dawo gida aka yi wa Younis tayin kyaftin, ya ƙi, aka ba Shoaib Malik.

Ya karɓa a Janairun 2009, kuma wata goman da suka biyo baya sun ishi wani rayuwa guda. A Tes ɗinsa na farko bayan naɗin, a Karachi, Siri Lanka ta tara 644, shi ya mayar da 313, na uku a Pakistan da ya haura ɗari uku bayan Hanif Mohammad da Inzamam. Ana cikin Tes na biyu a Lahore, ranar 3 ga Maris, 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Siri Lanka wuta a kusa da filin Gaddafi. 'Yan sanda shida da farar hula biyu suka mutu. Ba a sake buga Tes a Pakistan ba sai Disamban 2019. Ma'ana Younis bai ƙara buga Tes a gaban mutanensa ba har ya yi ritaya. Cikin wasanninsa 118, waɗanda ya buga a gida ba su kai 20 ba.

A watan Yuni, lokacin da ake gasar T20 a Ingila, sojoji na fafatawa da 'yan Taliban a kwarin Swat. Mutum wajen miliyan biyu suka bar gidajensu, mafi yawansu ba sansani suka shiga ba, gidajen mutane suka sauka a Mardan da Swabi. Melmastia ke nan a aikace. A daidai wannan lokaci Pashtunawa uku ne ƙashin bayan ƙungiyar ƙasa: Younis na jagoranci, Umar Gul na Peshawar ya fitar da mutum biyar da maki 6 kacal a wasa da New Zealand, Afridi ya yi 51 a wasan kusa da ƙarshe da 54 a na ƙarshe. Ranar 21 ga Yuni suka doke Siri Lanka. Younis ya sadaukar da kofin ga Woolmer, kuma a wurin ya ce ya bar T20.

Sai Johannesburg, 3 ga Oktoba, wasan kusa da ƙarshe na gasar zakaru da New Zealand. Grant Elliott ya bugo ƙwallo a sama kai tsaye wajen Younis, irin wadda yaro zai cafe. Younis na wasa da karyayyen yatsa, ya yi ƙoƙarin kare yatsan, ƙwallon ta suɓuce. Elliott ya ƙare da 75, New Zealand ta wuce. Wannan cafewar da aka rasa ita ce ta kai shi gaban kwamitin majalisa. A ƙasar da zargin sayar da wasa ya taɓa cin manyan 'yan wasa, babu zagin da ya fi wannan, kuma an yi shi ne ga mutumin da ba a taɓa samunsa da ko ƙwayar zarra ta irin wannan ba. Hukuma ta ƙi karɓar murabus ɗin, ya dawo, aka sha kashi 2 da 1 a hannun New Zealand a Abu Dhabi a Nuwamba, ya ce ba shi da iko a kan 'yan wasansa, ya nemi hutu. Daga baya wasu daga cikin 'yan wasan suka tabbatar cewa an yi taro an yi rantsuwa a kan ba za a mara masa baya ba. Laifinsa a wurinsu tsanani da faɗar magana ba sakayawa.

A nan dole a dubi ɗaya ɓangaren. A wancan zamani shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban hukumar kurket, don haka duk juyin siyasa sai ya taɓa ɗakin canja kaya. Cikin shekara 17 na wasan Younis an yi Tauqir Zia, Shaharyar Khan, Nasim Ashraf, Ijaz Butt, Zaka Ashraf, Najam Sethi, aka sake dawo da Shaharyar, kuma a 2013 da 2014 kotu ce ke musanya Zaka da Sethi kamar 'yan wasa. Ɗan wasan da ya san kyaftin na iya faɗuwa gobe, kuma shi ma yana iya hawa, ba shi da dalilin yin biyayya. Abin da ya faru a Maris 2010 ya nuna girman matsalar. Pakistan ta sha kashi a dukan wasanni tara da ta buga a Ostireliya, a rangadin da Mohammad Yousuf ya jagoranta. Younis bai buga ko ɗaya daga Tes ukun ba, wasannin yini ɗaya kawai ya shiga. Duk da haka aka dakatar da shi da Yousuf ba tare da wa'adi ba. An soke hukuncin a Yuni bayan ɗaukaka ƙara, amma ba a sake kiransa ba sai Oktoba, bayan ya zauna da Ijaz Butt. Tes 12 suka wuce shi tsakanin Yulin 2009 da Nuwamban 2010. A yadda yake cin kusan 85 a kowane wasa, maki wajen dubu ke nan aka binne, yana kan ganiyarsa. A cikin wasannin da ya rasa har da na Lord's a Agustan 2010, inda aka kama Salman Butt da Mohammad Asif da Mohammad Amir da laifin da aka zargi Younis da shi a banza.

Da ya dawo bai sake neman kyaftin ba. Misbah-ul-Haq, mutum mai sanyin hali, ya ɗauki wannan kaya, Younis ya koma bugu kawai, kuma wannan rabon aiki shi ne mafi alherin abin da ya samu Pakistan a shekarun da take karɓar baƙi a Dubai da Abu Dhabi da Sharjah. A Tes ɗinsa na farko bayan dawowa ya yi 131 ba a fitar da shi ba, ya hana Afirka ta Kudu nasara a Dubai.

Halin dai bai tafi ba. A Satumban 2014 aka cire shi daga tawagar wasan yini ɗaya, ya fito ya yi kaca-kaca da masu zaɓe, har ya ce to kada su sa shi a Tes ma. Suka sa shi. Ya yi wa Ostireliya 106, da 103, da 213, da 46, jimilla 468 a wasa biyu, Pakistan ta doke ta a jerin wasanni karon farko cikin shekara 20. Wannan ita ce ramuwar da ta fi kowace daɗi a labarinsa. Sai dai a batun wasan yini ɗaya masu zaɓen ne ke da gaskiya. A wasa 265 ya yi 7,249, matsakaicinsa 31.24, ɗari bakwai kawai. Salon da ke bukatar oba goma kafin ya zauna ba ya biyan kuɗin sabulu a wasan oba 50. Surutun da makin Tes suka tayar ya sa aka tafi da shi kofin duniya na 2015, ya yi 43 a wasa uku. A Nuwamban shekarar aka sake kiransa, da safiyar wasan farko da Ingila ya sanar cewa wannan ne na ƙarshe. Ya so ya fita da ƙafarsa ne, ba a kore shi ba.

A Tes kuwa tsufansa ya fi ƙuruciyarsa. Yulin 2015 a Pallekele ta Siri Lanka ana neman 377, an fitar da biyu a kan 13, ya yi 171 ba a fitar da shi ba, shi da Shan Masood suka haɗa 242. A Oktoba ya wuce makin Javed Miandad 8,832, mafi yawa ga ɗan Pakistan a lokacin, da bugun shida. A Ingila a 2016 ya yi 122 kacal a zubi shida, yana tsalle a gaban masu jifan gudu har ana cewa ƙarshensa ya zo. Tsohon kyaftin ɗin Indiya, Mohammad Azharuddin, ya kira shi a waya ya ba shi shawara ya daina tsayawa a wajen layi, ya koma ciki. Tazarar ba ta fi taku ɗaya ba, amma tana ƙara wa ido ɗan lokacin ganin ƙwallo, ƙafafu su natsu. A filin Oval ya yi 218, aka tashi 2 da 2, Pakistan ta hau matsayi na ɗaya a duniya. A Sydney a Janairun 2017 ya yi 175, ya zama na farko da ya yi ɗari a ƙasashe 11.

Ya cika maki 10,000 ranar 23 ga Afrilun 2017 da bugun shara, a Sabina Park, filin da Ireland ta kunyata su shekara goma baya, a birnin da Woolmer ya rasu. Ya yi ritaya a watan Mayu a Dominika tare da Misbah, a wasan da Yasir Shah, ɗan Swabi, ya fitar da mutum na ƙarshe saura oba ɗaya a tashi. Zubi 213, sau 19 ba a fitar da shi ba, maki 10,099, matsakaici 52.05, cafewa 139.

Lokacin da ya fara, Punjab da Karachi ne ke cika ƙungiyar ƙasa. Daga ƙarshen wasansa zuwa bayan tafiyarsa sai ga Mohammad Rizwan daga Peshawar, Shaheen Afridi daga Landi Kotal, Naseem Shah daga Dir, Fakhar Zaman daga Katlang a gundumar Mardan ɗin da ya fito. A ƙetaren layin Durand, iyakar da Turawa suka ja a 1893 ta raba Pashtunawa gida biyu, Afghanistan ta samu izinin buga Tes a Yunin 2017, kuma da yawa daga 'yan wasanta na farko a sansanonin gudun hijira na kewayen Peshawar suka koyi wasan.

Hukumar Pakistan ta ɗauki Younis kocin bugu a 2020, ta ba shi kwantiragin da zai kai 2022. A Yunin 2021 suka raba gari. A farkon 2025 Afghanistan ta ɗauke shi mai ba da shawara don gasar zakaru da Pakistan ta karɓi baƙunci. Ranar 26 ga Fabrairu, a filin Gaddafi na Lahore, Ibrahim Zadran ya yi 177, Afghanistan ta doke Ingila da tazarar maki 8, Younis na zaune a ɗakin 'yan Afghanistan.